Fastar Dracula Ta Haura Shekara 90, Hoton Cikin Waya Fa?

A wani ƙaramin gari da ake kira Berwick a jihar Pensilbaniya ta Amurka, an taɓa samun wani dunƙulen takardu a cikin rufin wani tsohon gida. Takardun sun manne da juna da gam irin wanda ake liƙa takardar ado a bango, har sun yi tauri kamar katako. Fastocin finafinai ne na wajen 1930 da 1931. Ma'aikacin gidan silima kan liƙa fastar sabon fim a kan ta makon jiya, wata bisa wata, har abin ya yi kauri, daga baya wani ya kwashe ya cusa a rufi, ana kyautata zaton don su tare sanyi. Da aka gano su, sai da aka yi makonni ana turara su da tururin ruwan zafi ana ɓanɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Fastoci 33 kamfanin gwanjo na Heritage ya kai kasuwa a watan Maris na 2012, kuɗinsu ya haura dala 500,000. A cikinsu akwai ta fim ɗin Dracula, ita kaɗai ta tashi dala 143,400.

A watan Nuwamban 2017 kuma, wata fastar Dracula mai zane daban, wadda guda biyu kacal aka san sun rage a duniya, ta tashi dala 525,800 a hannun wannan kamfanin dai. Jaridu suka ɗauki labarin ta fuskar kuɗi kamar yadda suka saba: ga takarda ɗaya ta fi gida tsada. Amma ga mai harkar kwamfuta akwai abin da ya fi farashin ɗaukar hankali. Takardun Berwick sun yi shekara 80 a cikin rufi, babu wuta, babu kalmar sirri, babu kuɗin rajistar wata-wata, kuma da aka ciro su an iya karanta su. Hotunan da mutum ya ɗauka da wayarsa shekara takwas da suka wuce, sai an yi sa'a a same su yau.

Duk da haka, tunanin da ya fi yawa a tsakanin matasa masu son tsofaffin finafinai shi ne, tunda hoton fasta yana intanet, ai an gama adana ta. Wannan kuskure ne, kuma asararsa ba ta bayyana sai lokaci ya ƙure. Abin da ke yawo a Facebook da Pinterest inuwar fasta ce kawai. Kafin a ce an adana, sai ita takardar ta rayu, sai an yi mata kwafi mai gaskiya wanda ba a shafa wa kwalliya ba, sai kuma an rubuta tarihinta a inda wani zai iya samu. Wannan na ƙarshen shi aka fi rainawa, alhali shi ya fi sauƙi ga duk wanda ya iya buɗe kwamfuta.

Takardun da aka buga don a yar

Dracula littafi ne da Bram Stoker, ɗan ƙasar Ailan, ya fitar a 1897, labarin wani basarake matacce da ke tashi da dare yana shan jinin mutane. An mayar da shi wasan dandamali a Ingila a 1924, aka sake gyara wasan don New York a 1927, inda wani ɗan Hangari mai suna Bela Lugosi ya fito a matsayin Dracula. A kan wannan wasan kamfanin Universal ya gina fim ɗinsa. Tod Browning ne ya ba da umarni, aka fara nuna shi a gidan silima na Roxy a New York ranar 12 ga Fabrairun 1931. Baƙar alkyabbar nan da gashi a kwance luf da ake gani a zane-zanen yara har gobe, daga nan suka bazu duniya.

A wancan zamani fim ba ya fita shi kaɗai, da tarin takardu yake tafiya. Fastar da aka fi sani inci 27 ce a faɗi, 41 a tsawo. Akwai wadda ta ninka ta uku, akwai mai ninki shida, akwai ta allon bakin titi. Akwai katunan da ake jerawa a zauren silima, inci 11 da 14, takwas-takwas, kowanne ɗauke da hoton wani wuri a cikin fim. Akwai 'yan ƙananan takardu da ake raba wa masu wucewa. Sai wani littafi da ba a yi don 'yan kallo ba, don mai gidan silima aka yi shi: a ciki ake nuna masa fastocin da zai iya saya da farashinsu, da labarai a rubuce da zai kai wa jaridar garinsu ta buga kamar nata, da dabarun da zai yi mutane su taru a ƙofarsa.

Babu wanda ya ɗauki waɗannan a matsayin kayan tarihi. Takarda ce mai arha, mai sinadarin asid, irin wadda ke yin ja ta riƙa karyewa da kanta idan ta daɗe. A ninke ake aika ta, ta yi kwanakinta a bango, a cire a yar ko a liƙa wata a kai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka yi gangamin tattara tsofaffin takardu a Amurka don a sake sarrafa su, wannan ma ya cinye da yawa. Dalilin ke nan da fim ɗin da miliyoyi suka kalla za a wayi gari wata fastarsa biyu ce ta rage.

Mai tambaya zai ce, to tunda fim ɗin yana nan, har Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ake adanawa tun 2000, mene ne abin damuwa da takardar talla? Fim yana nuna abin da aka ɗauka ne. Talla ita ke nuna yadda masu fim suka zaci mutane za su karɓe shi. A yau kowa ya san Dracula a matsayin wanda ya buɗe ƙofar finafinan ban tsoro masu magana a Hollywood. A farkon 1931 ba a tabbatar akwai wannan kasuwar ba tukuna, shi ya sa tallace-tallacen farko suka jingina da soyayya: an tallata shi a matsayin labarin wata baƙuwar sha'awa da duniya ba ta taɓa ganin irinta ba, aka kuma sake shi a makon ranar masoya. Mutum zai kalli fim ɗin sau goma bai gano haka ba. Talla ɗaya ta jarida ta isa ta gaya masa.

Shi kansa fim ɗin ma an taɓa shi. Da aka zo sake nuna shi a 1936, dokokin tace finafinai na Hollywood sun yi tsauri, sai aka yanke wani jawabi da ɗan wasa Edward Van Sloan ke yi wa 'yan kallo a ƙarshe, kuma ba a mayar da shi ciki ba. Almakashin mai tacewa ya kai ga fim, bai kai ga takardun da aka riga aka buga aka watsa ba.

Wani lokacin kuma takardar ce kaɗai ke saura. Shi dai Browning ɗin, shekara huɗu kafin Dracula, ya yi wani fim marar magana mai suna London After Midnight tare da Lon Chaney. Kwafi na ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar rumbun kamfanin MGM a 1965. A 2002 tashar TCM ta nuna wani yunƙuri na sake gina shi, wanda Rick Schmidlin ya harhaɗa daga hotunan talla da rubutaccen labarin. Jerin hotuna ne masu tafiya a hankali, ba za su gamsar da mai neman fim ba, amma da babu gara ba daɗi. Kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Rahoton da David Pierce ya rubuta wa Laburaren Majalisa a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace ƙurmus. Da yawansu, fasta da kati da tallar jarida su ne shaidar cewa an taɓa yin su.

A yi lissafi

Yanzu a dawo kan hoton waya, a sa masa lamba. Masu bugu sukan nemi aƙalla ɗigo 300 a kowane inci. Fasta mai inci 27 da 41 a wannan ma'auni tana ba da fiksel 8,100 da 12,300, wato kusan miliyan 100. Idan aka ajiye ta a fayil ɗin TIFF ba tare da matsewa ba, ta kusa megabayit 300. Shi kuwa WhatsApp, idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, yakan rage dogon gefensa zuwa wajen fiksel 1,600. A raba 1,600 da inci 41, bai cika ɗigo 40 a inci ba.

A ɗigo 40 fuskar Lugosi tana nan, sunan fim yana nan, ido ya gamsu. Abin da ya tafi shi ne ƙananan rubutun da ke can ƙasan fasta, inda ake sa sunan maɗaba'a da shekarar bugu. Wannan ɗan layin yana cikin abubuwan da ke raba fastar 1931 da ta 1938 lokacin da aka sake zagayawa da fim ɗin, ko waɗanda kamfanin Realart ya buga daga baya. A gun mai saye bambancin na iya kai dubban daloli, a gun mai bincike kuma shi ne bambancin tarihi da shaci-faɗi. Manhajar takan kuma goge bayanan da kamara ta rubuta a cikin fayil, na ranar ɗauka da na'urar da aka yi amfani da ita. Sannan duk lokacin da wani ya buɗe JPEG ya sake ajiyewa, ko ya ɗauki hoton fuskar waya ya tura gaba, sai an ƙara zaftare wani abu. Yawanci kuma an yanke gefen takardar don hoton ya yi kyau, kuma ba wanda ya tuna ya juya ta. Bayan fasta kuwa nan ake samun hatimi, ko rubutun hannu na sunan silima da kwanan wata.

Sabuwar matsalar ta fi wannan. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu "gyara" tsohon hoto sun cika waya, kuma aikinsu ba dawo da abin da ya ɓace ba ne, hasashen abin da ya kamata ya kasance a wurin suke yi. A ba su rubutun da ya dusashe, su ƙaga haruffa masu kama da rubutu. A ba su fastar da aka buga da dutsen bugu, mai tsakuwa-tsakuwa a launinta kamar zanen alli, su shafe ta sumul kamar roba. Layin ninki su goge, ja su ƙara masa wuta, fuskar ɗan wasa su yi mata fata irin ta tallar man shafawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Abin takaicin shi ne wannan gyararren ya fi sheƙi, don haka shi aka fi turawa, shi injin bincike ya fi kawowa, har ya danne na ainihin. Yaron da zai nemi fastar Dracula nan da shekara goma zai iya cin karo da hoton da babu wata maɗaba'a da ta taɓa buga shi.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san azabar gyara fayil ɗaya tilo ba tare da Git ba: an canza, an ajiye, an manta abin da ke wurin da farko, babu hanyar komawa. Ba laifi ba ne mutum ya yi wa hoto kwalliya don ya sa a fuskar kwamfutarsa. Laifin shi ne ya zubar da na asali, ko ya saki gyararren bai rubuta cewa gyararre ne ba.

Masu tarawa, da masu jabu

A nan dole a yi wa masu tara fastoci adalci. Lokacin da kamfanoni ke zubarwa, su ne suka tsinta, suka saya daga tsofaffin ma'aikatan silima, suka biya kuɗin gyara. Hanyar da suka fi bi ita ce a manna fastar a kan takarda marar asid da ke kan yadi mai kauri, da kokon alkama, wanda idan an so za a jiƙa a cire ba tare da ta lalace ba. Wasunsu ma sun buɗe wa jama'a: Kirk Hammett, makaɗin ƙungiyar Metallica, ya ba da fastocinsa na finafinan ban tsoro aka baje kolinsu a gidan tarihi na Peabody Essex a 2017.

Sai dai tsada tana da nata sharri. Takardar da ta kai rabin miliyan ɗin dala ba ta zama inda ɗalibi zai gan ta. Daga zauren gwanjo sai ɗakin wani mai kuɗi, ba a sake jin ɗuriyarta sai ranar da za a sake sayarwa. Sau da yawa mafi kyawun hotonta da jama'a za su samu shi ne wanda kamfanin gwanjo ya ɗauka don talla, yana zaune a shafin kamfanin, kuma ranar da kamfanin ya ga dama ya rufe ko ya sauya tsari, shi ke nan. Wanda ya mallaki ɗaya daga cikin biyun da suka rage a duniya, takardar tasa ce, ba mai ja. Amma akwai haƙƙin jama'a a kansa na ya bari a yi mata kwafi mai inganci, gaba da baya, a ajiye a inda kowa zai iya dubawa.

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa a kan wannan, kuma bai kamata a tsallake ta ba: kwafi mai inganci kayan aikin ɗan damfara ne. Ba zato ba ne, an yi. A 2012 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani mutumin jihar Jojiya fiye da shekara shida saboda sayar da jabun fastoci da katunan tsofaffin finafinan ban tsoro, cinikin da ya haura dala miliyan ɗaya. Dabarar ita ce a buga hoton da injin zamani, a manna a kan tsohon kati na gaske na wani fim marar daraja, ta yadda bayan katin zai nuna tsufa. Masu tarawa da suka daɗe a harkar sun faɗa tarkon.

To amma a duba da kyau. Mutumin nan ya yi abinsa a lokacin da hotuna masu inganci ke hannun 'yan tsiraru. Ɓoyewa ba ta hana shi ba, mai saye ta hana samun abin da zai gwada da shi. Kowace tsohuwar takarda tana da alamominta da babu wata mai irin su: inda ta yage, inda ƙusa ta huda, inda ruwa ya taɓa, yadda layin ninki ya ratsa wani harafi. Idan an san katuna nawa ne suka rage, an kuma ajiye hoton kowanne da sunayen hannayen da ya bi, to duk wani sabo da ya ɓullo sai ya faɗi daga ina ya fito. Idan kuma tabonsa ya yi daidai da na wani da aka riga aka sani, asiri ya tonu, kwafinsa aka yi. Masu tsaron manhaja sun daɗe da sanin cewa tsarin da tsaronsa ya dogara ga ɓoye yadda yake aiki ba ya daɗewa.

Kuma an riga an ga amfanin buɗewa. Media History Digital Library, wanda shi dai David Pierce ya assasa, yanzu kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Wisconsin a Madison, ya yi sikanin miliyoyin shafukan tsofaffin mujallun harkar fim, ya sa musu injin bincike mai suna Lantern, kyauta. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai ga yadda Universal ya tallata Dracula ga masu gidajen silima a 1931.

Yadda ake yin kwafin ba wani sirri ba ne. Katin inci 11 da 14 ba ya shiga sikana ta A4, sai ta A3, kuma a ɗigo 600 zai ba da fayil na kusan megabayit 166. Babbar fasta kuwa sai kamara: a shimfiɗa ta, a kafa kamarar a miƙe bisa kanta, fitila biyu daga gefe da gefe, a kashe filasha, a ajiye ma'aunin inci da katin launi a gefe don su shiga hoton. A ɗauka yanki-yanki, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, a haɗe da manhajar Hugin, wadda kyauta ce. Fayil na farko a ajiye shi a TIFF kar a sake taɓa shi, duk abin da za a tura wa mutane a ciro shi daga can.

Sai rubutun. Ɗan fayil ne na rubutu zalla a gefen hoton: sunan fim, shekara, girman takarda, abin da ke rubuce a ƙasa da baya, inda aka samo ta da wurin wa, ranar da aka yi sikanin, da na'urar da aka yi da ita. Minti biyar ya isa. A ƙara da lambar SHA-256 ta fayil ɗin, wadda layi ɗaya na umarni ke fitarwa a kowace kwamfuta. Bayan shekara 20, wanda ya samu fayil ɗin zai sake fitar da lambar, idan ta yi daidai ya san ko ɗigo ɗaya bai canza ba.

Wurin ajiya kuma kar ya zama ɗaya. Tsohuwar ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wanda ke ganin wannan tsoro ne ya yi yawa ya tuna 2017, lokacin da Photobucket ya wayi gari ya ce sai an biya dala 399 a shekara kafin hotunan da mutane suka ɗora su ci gaba da fitowa a wasu shafuka. Hotunan da masu sha'awar abubuwa iri-iri suka yi shekaru suna tarawa suka koma akwatin gargaɗi a dare ɗaya. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora masa na tsawon shekara 12. Ko Internet Archive, wanda aikinsa ke nan kuma ya cancanci a ɗora masa, masu kutse sun durƙusar da shi na kwanaki a watan Oktoban 2024. Filas da aka jefa a durowa shekaru ba a sa masa wuta ba shi ma ba abin dogaro ba ne.

Akwai dalilin hanzari game da Dracula musamman. A dokar Amurka, haƙƙin mallakar ayyukan da aka fitar a 1931 yana ƙarewa ne ranar 1 ga Janairun 2027, bayan shekara 95. Daga nan kowa na iya sarrafa fim ɗin yadda ya so, a sa masa launi, a sauya murya, a ƙirƙiro masa "tsofaffin" fastoci da inji. Yawancin wannan ba shi da illa, wani ma zai burge. Amma yawansa zai binne na ainihin idan ba a riga an yi musu rajista mai kyau ba.

Shaihu Umar

Duk wannan zai iya zama kamar labarin attajiran wata ƙasa da takardunsu, sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Hausa ma tana da tsohon fim da aka ciro daga shahararren littafi, kuma shi ma ya leƙa ramin da London After Midnight ya faɗa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar don gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim da harshen Hausa. Shekaru da dama ana ɗauka fim ɗin ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa a rumbun Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ta gyara shi da tallafin ofishin jakadancin Jamus a Abuja, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Ceto faifan fim aiki ne na hukuma da ƙwararru da injuna masu tsada. Takarda ba haka take ba. Ba a rumbu ɗaya take taruwa ba, a akwatunan mutane take warwatse: hoton da aka ɗauka a wurin aiki, katin gayyata, guntun jaridar da wani ya yanke ya sa a cikin littafi, tikitin da aka manta a aljihun tsohuwar jaka. Haka abin yake ga finafinan bidiyo da suka biyo baya, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, waɗanda su ma daga littafi suka fito. Kwalin kaset da fastocin da suka cika shagunan Bata da Ƙofar Wambai a Kano su ne katunan zauren silima na wannan masana'anta, a jikinsu ake ganin sunan kamfani da na 'yan wasa da na mai rarrabawa. Su ma don a yar aka buga su, kuma abokan gabarsu sun fi na Berwick yawa: gara, kyankyasai, ɓeraye, yoyon damina, da mai ƙosai da ke neman abin ƙunshi.

Babban haɗari a nan kuma daga masu kyakkyawar niyya yake zuwa. Da zarar mutum ya gane takarda tana da daraja, sai ya nufi shagon kwamfuta a yi mata laminatin. Zafin injin da gam ɗin robar suna shiga jikin takardar, kuma cire su ba tare da ɓarna ba abu ne mai wuyar gaske. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Ya fi a shimfiɗa ta a kwance tsakanin fararen takardu masu tsabta, a cikin akwatin da ke rufuwa sosai, nesa da rana da bangon da ke jiƙa, a ɗaga akwatin daga ƙasa.

Wanda ya ci karo da irin wannan takarda a kayan mahaifinsa ko na kakarsa, ya ɗauki hotonta gaba da baya har da gefunanta, idan zai tura ya tura ta a matsayin fayil don kar manhaja ta matse ta. Idan mai ita yana raye, ya zauna ya tambaye shi a wace silima ya kalla, a wace shekara, nawa ya biya a ƙofa, wa ya ba shi takardar, ya rubuta amsoshin da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, ya ajiye a babban fayil ɗaya da hoton.